Ɗan Yayana Ya Zo Neman Asali

Yayana ya tafi Amurka karatu ina 'yar sakandare, kuma bai sake taka ƙasar Gwandu ba har ya bar duniya. Da farko yakan aiko da gaisuwa jifa-jifa, daga baya muka daina jin ɗuriyarsa. Abin da muka sani kawai shi ne ya auri wata baƙar fata 'yar can, sun haifi ɗa namiji, auren bai yi ƙarko ba. Rasuwarsa ma a bakin wani ɗan kasuwar Birnin Kebbi muka ji, bayan an daɗe da binne shi.

Na riga na yi ritaya daga koyarwa, ina zaune a gidan da mijina ya mutu ya bar mini, lokacin da wata baƙuwar lamba ta kira ni. Namiji ne, yana Turanci da sauri, har sai da na ce ya sassauta, ni da na ƙare rayuwata ina koyar da Turancin. Ya ce shi ɗan yayana ne. Wani mutumin Kebbi da suke aiki wuri ɗaya ne ya bi masa sawu har ya samo lambata. Aikinsa tuƙin bas ɗin 'yan makaranta, ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya mata biyu. Ya ce yana son ya zo ya ga asalinsa.

Ya iso a tsakiyar damina, gero ya fara fidda kai. Da ya sauko daga mota sai da na dafa bango, don tafiyar yayana ce sak, har da ɗan karkata kafaɗar nan ta hagu. Ya durƙusa a ƙofar gida, ya ce, "Sannu, Goggo," da wata irin Hausa da ya yi ta hardacewa a jirgi. Na riƙe kansa na yi kuka.

Mutum ne mai sauƙin hali. Ya ci tuwon shinkafa da hannu yana zuba miya a riga, ya sha fura har ya nemi ƙari. Sallar da ubansa ya koya masa yana yaro ita ya riƙe, da Fatiha da gajerun surori. Da yamma muna zaune a tsakar gida ya gaya mini abin da ya kawo shi. Ya ce kakannin mahaifiyarsa bayi ne a gonakin auduga. Ya bincika iya ƙoƙarinsa, amma da ya koma baya kaɗan sai asali ya yanke, ba suna, ba gari, ba wanda ya san daga inda aka kwaso su. Abin da ya riƙe shi tun yana yaro, in ji shi, shi ne gefen ubansa. Ubansa ya gaya masa su Fulanin Gwandu ne, gidan malamai, masu littattafai da shanu, waɗanda ba wanda ya taɓa mallakarsu. In yara sun tsokane shi a makaranta, da wannan yake rarrashin kansa. Da wannan kuma yake renon 'ya'yansa.

Ya ciro hoto ya miƙo mini. Yayana ne yana saurayi, tsaye a ƙofar zauren babban gida.

Na san zauren, don a bayan gidan aka haife mu. Amma gidan ba namu ba ne. Kakarmu ta wajen uba baiwar gidan ce, ubanmu dimajo ne, wato ɗan da baiwa ta haifa a hannun iyayengijinta. Sunan gidan muke amsawa a makaranta, shi ya sa ƙaryar yayana ba ta yi masa wuya ba. Kowa a unguwarmu ya san haka, ba a dai faɗa sai an yi faɗa ko an zo maganar aure. Ni kaina, har na zama shugabar makaranta, in ana biki a babban gida ni ke tsayawa kan tukwane, kuma ban taɓa zama a kan kujera a ɗakin uwar gidan ba.

Na buɗe baki zan gaya masa, na ga yadda yake kallon hoton, sai na ce, "I, a nan muka tashi." Na bar shi sai ya huta, zan sami lokacin da ya dace.

Ba a bar mini lokacin ba. Kashegari da hantsi aka aiko daga babban gida, wai Hajiya ta ce an kawo baƙo gari ba a kai shi gaisuwa ba. Hajiya ita ce tsohuwar gidan, ta kusa casa'in, idonta ya yi rauni amma bakinta da hankalinta ba abin da ya taɓa su. Babban ɗanta, Alhaji, sa'an yayana ne. Aji ɗaya suka yi tun firamare, yayana kullum yana gaba, kuma gurbin karatun da yayana ya samu shi ma ya nema bai samu ba. Ya yi aikin gwamnati ya kai matsayi, ya yi ritaya, amma ban taɓa jin ya ambaci yayana da alheri ba.

Ɗan yayana ya yi murna da kiran. Ya sa sabon kaftanin da na sa aka ɗinka masa, ya kafa hula, ya ɗauki tsarabar da ya zo da ita musamman don manyan danginsa: agogo, turare, da wani mayafi mai taushi. A hanya na tsaya na ce, "Ɗana, akwai maganar da ya kamata ka ji."

Ya ce, "In mun dawo, Goggo. Kada mu sa tsohuwa jira."

Mun tarar da ɗakin cike da mata, surukai da jikoki. Hajiya tana bakin gado, Alhaji yana kan kujera. Na zube a tabarma inda na saba. Ɗan yayana ya dube ni, ya dubi kujerar da ba kowa a kai, Alhaji ya nuna masa ita da fara'a ya ce ya zauna. Matan suka kalli juna.

Ya miƙa tsaraba. Hajiya ta shafa mayafin, ta shinshina turaren, ta tura ƙarƙashin matashi. Ya kira ta Kaka, ta amsa. Alhaji ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce masa da Turanci, cikin taushin murya, ya ba su labarin abin da ubansa ya faɗa game da gidan nan. Ɗan yayana ya fara, ni ina fassarawa. Ya ce kakan kakansa ne ya gina zauren. Alhaji ya ce, "To, sai kuma me?" Ya ce suna da shanu har ba a iya ƙirgawa. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce ya ci gaba. Haka ya yi ta jansa, yana tambayar sunan malamai, yana tambayar littattafai, har ba abin da ya rage a bakinsa. Duk kalmar da na mayar Hausa, sai in ji wata daga cikin matan ta danne dariya da gefen gyale.

Da ya gama, Hajiya ta gyara zama ta ce, "Ashe haka ya je ya hwaɗi. To ke, gaya mai. Kakar ubanai da igiya a wuya anka kawo ta gidan ga, tana 'yar ƙarama, ba ko zane a jikinta. Anka ba kakata ita don wanke-wanke. Ita ta goye ni. Ba mu haɗa jini da su ba ko ɗigo."

Na juya na ce masa da Turanci, "Ta ce kakar babanka ta zo gidan nan tana ƙarama, kuma ita ta rene ta."

Alhaji ya ce, "A'a, Malama. Ba haka Inna ta ce ba. Ke da kinka koyar da Turanci shekara da shekaru? Hwaɗa mai daidai, ko ni in hwaɗa mai."

Na san in shi ya faɗa zai ƙara gishiri. Don haka ni na faɗa, kalma bayan kalma, har da igiyar, har da rashin zanen. Ina faɗa ina kallon tabarma.

Ɗan yayana bai motsa ba. Can ya tashi daga kujerar a hankali, ya zo ya zauna kusa da ni a ƙasa. Ba wanda ya ce masa ya koma.

Alhaji ya ce tunda ya zo daga nesa don ganin asali, bai kamata ya koma bai gani ba. Ya miƙe ya ce mu biyo shi. Ya ratsa da mu ta madafa, ta bayan rumbuna, har wani ɗan ɗaki mai gajeriyar ƙofa kusa da turken awaki. Itace ake tarawa a ciki yanzu, kaji na ƙwai a lungu. Ya ce, "Nan ta kwana har ta mutu. Nan anka haihi kakanka. Wanga shi ne gidan malaman naku." Ya ciro waya ya sa aka ɗauke su hoto tare a bakin ƙofar, ya dafa kafaɗarsa yana murmushi. Sannan ya ce masa da Turanci, kamar mai ba'a, wai a iya saninsa ba a taɓa 'yanta su ba, don haka shi ma nasu ne. Ya maimaita da Hausa don matan da suka biyo mu su ji. Wata ta ce, "Ashe muna da bawa har Amurka," suka kwashe da dariya.

Da muka koma yin sallama, ɗan yayana ya yi tambaya guda. Ya ce in tambayi Hajiya sunan da iyayen kakarmu suka raɗa mata kafin a kawo ta.

Hajiya ta ce, "Wa ya tambaye ta? Sunan da munka ba ta shi ta amsa." Ta shafa matashin da tsarabar ke ƙarƙashi ta ƙara da cewa, "Kayan ga kuma ba sai na yi godiya ba. Kayan gida ne sunka dawo gida."

Wannan ma na fassara.

Bai ci abinci ba ranar. Ya cire kaftanin ya ninke, ya zauna gindin dalbejiya har la'asar. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Da ya yi magana cewa ya yi in gaya masa duk abin da na sani game da kakarmu.

Abin da na sani kaɗan ne. Na riske ta tana tsohuwa tukuf, bayanta ya lanƙwashe saboda daka. Tana da zanen Kabawa a kumatu biyu, da wani tabo mai kauri da ya zagaye idon sawunta, na marin ƙarfen da aka sa mata lokacin da ta taɓa gudu tana budurwa. Ba ta da yawan magana. Amma wani lokaci, in tana tsefe mini kai, takan ce garinsu yana bakin ruwa a bayan Kalgo, ubanta masunci ne mai ɗinkin taru, kuma ƙofar gidansu akwai giginya biyu da suka fito daga gindi ɗaya.

Ya ce, "To can za mu. In waɗannan ba nawa ba ne, waɗancan nawa ne."

Mun ɗauki shatar mota zuwa Kalgo. Ranar kasuwa ce, ga kifi busasshe tsibi-tsibi, ga shinkafa, ga masu albasa. Muka gaida mai unguwa, na ce masa muna neman wani ƙauyen masunta mai tagwayen giginya. Ya yi tunani, ya kira wani dattijo mai sayar da ƙugiya, shi ya kwatanta mana. Mota ta kai mu inda laka ta hana ta, muka ƙarasa da ƙafa ta kan kunyar fadama. Shinkafa kore shar ko'ina, injinan ban ruwa a jingine, kwalekwale a ɗaure bakin gulbi. Ɗan yayana ya ɗan saki fuska a hanyar nan. Ya ce in duba, ashe mutanen ruwa ne su, shi ya sa tun yana yaro ba ya gajiya da kamun kifi.

Giginyar ɗaya ta faɗi, kututturenta ne ya rage, amma ɗayar tana nan. A ƙarƙashinta muka sami wani tsoho yana gyaran komar kamun kifi. Da ya ɗago kai sai na ga zanen kakata ne a fuskarsa, layi bisa layi. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa a kwano. Na ba shi labarin daga farko.

Ya ajiye komar. Ya ce, "An yi haka. Na ji ga kakana. Ɗiyar ƙanenai ce."

Na fassara. Ɗan yayana ya kama hannun tsohon da hannu biyu, idonsa ya cika. Ya ce in tambaye shi yadda mahara suka kama ta, ko a rafi ne, ko a gona.

Tsohon ya ce, "Ba kama ta anka yi ba. Mahaya sunka zo, sunka ce ko a ba su mutum ko su sa ma gari wuta. Manya sunka zauna. Ita uwa ta mutu, uba ya nutse a ruwa shekaran nan. In an ba da ɗan wani, uwatai za ta yi ta kuka a gari. Ita ko wa zai yi ma kuka? Kakana da kainai ya riƙa hannunta ya kai musu." Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin ambaliyar bara. Sannan ya nuna fadamar da muka ratso da haɓa ya ce, "Wanga wuri duka na ubanta ne da."

Daidai nan babban ɗan tsohon ya iso, ƙato, laka har gwiwa. Ashe tun muna kan hanya labari ya kai masa cewa wani Ba'amurke ya zo da wata 'yar boko suna tambayar gidansu. Ya ji ƙarshen maganar ubansa. Ya ce, "Baba, shiga ciki." Tsohon ya fara cewa baƙi ne, ya sake cewa, "Shiga ciki." Tsohon ya tattara komarsa ya tafi, bai waiwayo ba.

Ɗan ya juyo gare ni. Ya ce, "Malama, tsohon ga ya ruɗe, ba shi san abin da shika hwaɗi ba. Mu ba mu da dangi Gwandu. Ba mu da dangi bayi. Wanda anka tahi da shi da igiya ya hita, ba ya da gado nan, ba ya da kabari nan. In fadama ta kawo ku, ku koma ku shirya, muna nan."

Na rantse masa ba ƙasa muka zo nema ba. Na ce mutumin nan ko shinkafa a gona bai taɓa gani ba sai yau, so yake kawai ya san inda ya fito. Ya ce kowa haka yake cewa da farko.

Maza sun fara taruwa. Na gaya wa ɗan yayana mu tafi. Ya ce to, amma abu ɗaya. Ya tsuguna gindin giginyar, ya ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, ya zuba a hankicinsa zai ƙulle. Ya ce zai kai wa 'ya'yansa.

Ɗan tsohon ya riƙe masa wuyan hannu. Ya ce, "Mi za shi yi da ƙasarmu? Kotu za shi kai, ko wurin boka?" Ya fizge hankicin ya zazzage, ya karkaɗe shi sosai, ya jefa masa. Sannan ya dubi takalmansa da suka kwaso laka, ya ce ya cire ya kankare kafin ya bar wurin. Na ce haba, wannan ai wulaƙanci ne. Wani daga cikin mazan ya ce in ba na son wulaƙanci da na zauna inda aka ajiye ni.

Ɗan yayana bai jira fassara ba. Ya zauna a kututturen giginyar, ya cire takalman, ya sami tsinke ya kankare su tas, mutane na tsaye a kansa suna kallo. Ya mayar ya ɗaure. Muna juyawa na ji wata mata tana cewa a wanke kwanon da muka sha ruwa da toka.

Muka koma mota ni da ɗan yayana, muka kama hanya har muka wuce Birnin Kebbi. Sai ya ce, "Goggo, me ya sa har yanzu kike zuwa gidan can?"

Na ce a can aka binne cibiyata, a can aka ɗaura mini aure, su suka yi wa uwata sutura. In na daina zuwa, ba ni da wani wurin da za a ce daga nan nake. Ya ce, "Babana ya daina." Na ce i, ya daina, kuma ya mutu ba wanda ya san shi a kansa. Ban so na faɗi haka ba, amma ya riga ya fita. Ya juya fuska wajen taga.

Ya tafi kafin lokacin da ya ɗiba. Na raka shi filin jirgi, ya durƙusa ya yi mini sallama kamar yadda ya gaishe ni ranar farko. Na tambaye shi abin da zai gaya wa 'ya'yansa. Ya ce bai sani ba tukuna. Daga baya a waya ya ce ya gaya wa mahaifiyarsa komai, ta ce da ma ta daɗe tana zargin haka, don mutumin da ke da gida irin wanda ubansa ke kwatantawa ba ya ƙin komawa.

A unguwa kuwa hoton da Alhaji ya ɗauka ya zagaya wayoyi. Matan da na koyar da 'ya'yansu suna ganina sai su yi ƙasa da murya. Maganar da aka daɗe ba a furtawa ta dawo sabuwa, har ta shafi jikata da ake neman aurenta, dangin yaron suka ce za su ƙara bincike, ba su dawo ba.

Bayan girbi Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure. Ya ce autansa ya sami makaranta a Amurka, kuma masauki a can da tsada. Yana son lambar yaron nan nawa, don ya je ya tarbe shi a filin jirgi, ya ba shi ɗaki, ya riƙa kai shi makaranta tunda direba ne. Ya ce, "Ai aikinku ne kula da ɗiyan gida, can ko nan."

Na ce zan tambaye shi. Na kuwa tambaya, don ban saba a aike ni in ƙi isarwa ba. Ɗan yayana ya saurari saƙon a waya har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ki ce masa a'a. Kada ki sassauta, Goggo. Yadda na faɗa."

Na je na faɗa yadda ya faɗa. Alhaji ya dube ni ya ce ashe butulci gado ne. Tun ranar Hajiya ba ta ƙara aikowa a kira ni ba. Da aka yi bikin jikarta, daga tsakar gidana na ji guɗa, wata aka sa kan tukwane. Da babbar salla ta zo, yaran da ke rabon naman gidan suka wuce ƙofata da kwanoni a ka, suka shiga gidan maƙwabta.